An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: 'Ya'yanmu Da Ƙananan Kalmomin Turanci

Akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi a Turanci, yawancinsu ba su wuce harafi biyu ko uku ba, amma ɓarnar da suke yi wa ɗalibanmu ta fi ta manyan kalmomin nan masu cika baki. Ina nufin irin su in da on da at da to da for da of da by da with. Malaman Turanci suna kiransu firifozishin, almajiran zaure kuwa sun san takwarorinsu na Larabci da sunan haruffan jarri. Duk malamin da ya taɓa ɗaukar jan biro ya zauna duba insha'in 'yan sakandare a Dogon Daji ko Tambuwal ko Kebbe ya san abin da nake faɗa. Yaro zai kawo labari mai ma'ana, ya jera tunaninsa daidai, amma kafin a kai ƙarshen shafi takarda ta yi ja wur, kuma mafi yawan jan a kan waɗannan 'yan kalmomi yake. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Wanda bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da kuwa ya fi kowa lissafi a garinsu.

To, laifin wane ne? Amsar da aka saba ji a ɗakin malamai ita ce yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa, ba sa karatu, kuma Hausa ta yi musu yawa a baki. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Kuskuren da Bahaushe ke yi a waɗannan kalmomi yana da asali, yana da tsari, ana iya hango shi tun kafin yaro ya buɗe baki. Asalin nan a cikin Hausa yake, don haka maganinsa ma sai an bi ta cikin Hausa. Malamin da ya kori Hausa daga ajin Turanci ya kori abin da zai haska masa inda ciwon yake.

Bari mu fara duba magungunan da ake ba yaran yanzu. Na farko bulala. Na biyu tarar da ake ci wa duk wanda aka kama yana "banakula" a harabar makaranta, wato yana magana da harshen da uwarsa ta yi masa tawai da shi. Na uku hadda: a cika allo da jeri, wannan kalma da wannan take tafiya, waccan da waccan, a ce su haddace kafin Litinin. Jerin nan kuma daga ina yake fitowa? Sau da yawa daga wani ɗan littafi da ya daɗe yana yawo a makarantunmu, Common Mistakes in English, wanda aka fara bugawa a 1936. Littafi ne mai amfani, ban raina shi ba, kuma da kurakuran waɗannan ƙananan kalmomi ya buɗe. Amma mai karatu ya san ko wane ne marubucinsa? T. J. Fitikides malamin Turanci ne a birnin Nikosiya, a tsibirin Kubrus da ke tekun Bahar Rum, kuma yaran da ke zaune gabansa Girkanci suke ji. Shi ya dubi ciwon 'ya'yan garinsu ya haɗa magani. Mu kuwa shekara kusan casa'in muna ɗura wa ɗan Dogon Daji maganin da aka jiƙa wa ɗan Nikosiya, in bai warke ba mu ce taurin kai gare shi. Ina namu jerin? Wa ya zauna ya tattara kurakuran Bahaushe ya bi sawunsu har gida?

Ga misali don kada a ce surutu kawai nake yi. Bahaushe yana da kalma guda, "a", wadda ke ɗauke masa nauyin wuri kusan duka: a Sakkwato, a gida, a tasha, a bango. Bature kuwa ya raba wannan aiki gida uku. Yakan ce in Sokoto, amma at home, at the motor park, sannan on the wall. Yaron da ya tashi da kalma ɗaya, aka miƙa masa uku ba tare da an gaya masa cewa ukun nan gadon "a" suka raba ba, me zai yi in ba caca ba? Da malam zai tsaya ya ce, "Ku duba, 'a' ɗinku ce Bature ya tsaga uku: in wuri ya kewaye abu in ce, in abu ya taɓa fuskar wani abu on ce, in kuwa wurin ɗigo ne kawai da ake nunawa at ce," da yaro ya sami igiyar da zai riƙe.

Dubi kuma "da", wadda ita ce jakar magori ta harshenmu. Muna cewa da safe, da dare, da ƙarfe biyu, da damina. Bature ya ce in the morning, amma at night, at two o'clock, in the rainy season. Muna cewa ya yanka da wuƙa, nan with ta yi daidai, sai yaro ya ɗauka duk inda ya ga "da" with zai sa. Daga nan sai a ji ya ce tired with, don a ransa "ya gaji da" yake fassarawa, alhali Bature tired of yake cewa in abu ya ishe shi. Sai different with saboda "ya bambanta da", a maimakon different from. Sai similar with saboda "ya yi kama da", a maimakon similar to. Sai depend with saboda "ya dogara da", a maimakon depend on. Jama'a, wannan daƙiƙanci ne? Yaron nan ƙa'ida yake bi sau da ƙafa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa inda ƙa'idar gidansu ta tsaya, ta gidan baƙo ta fara.

Akwai kuma inda Hausa ba ta sa komai, Turanci kuwa ya wajabta. Muna cewa na tafi Jega, ya je kasuwa, ba ma neman wata kalma tsakanin aikatau da wurin da aka nufa. Shi ya sa yaro ke rubuta I went Jega, ya yar da to a hanya. Muna cewa jira ni, saurari malam, shi ya sa ake jin wait me da listen the teacher, an bar for da to a gida. Abin ya kan juya kuma. Muna cewa ya shiga cikin ɗaki, muka tattauna a kan maganar, sai yaro ya ce entered inside the room, discussed about the matter, alhali a nan Turanci ba ya son ƙarin komai. Haka kuma inda Bature ya ɗauki aikatau guda, look, yana canza masa wutsiya, mu kalmomi daban-daban gare mu: look at kallo ne, look for nema ne, look after kulawa ce. Minti nawa zai ɗauki malami ya rubuta kallo da nema da kulawa a allo? Amma an ce Hausa haramun ce a ajin, don haka sai ya yi ta kewaye-kewaye da Turancin da yaran ba su ji ba, har a buga ƙararrawa.

Mu zo kan "wa" da "ma". Mutanen Kano su ce ya gaya wa Audu, mu nan ƙasar Sakkwato mu ce ya gaya ma Audu, duk abu ɗaya ne. Wannan 'yar kalma takan nuna wanda aka yi abu dominsa, da wanda aka miƙa wa abu, har da wanda aka cuta. Ya saya mini riga, Turanci for zai sa. Ya aiko mini da takarda, to zai sa. Ya sace mini akuya kuwa, sai dai from, ko a sake ginin jimlar gaba ɗaya. A nan ne kuma sanannen kuskuren nan na borrow me ya samo tushe. A Hausa tushen aikatau ɗaya ne: na ari littafi a wurin Audu, Audu ya ara mini littafi. Ƙarshen kalmar da 'yar rakiyarta su ke nuna inda littafin ya nufa. Turanci kuwa kalma biyu gare shi, borrow from da lend to. Wani masanin Hausa na Jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya bayyana tun 1960 yadda aikatau na Hausa ya kasu aji bakwai, da yadda wasalin ƙarshe ke ɗaukar ma'anar da wasu harsuna ke ɗora wa ƙananan kalmomi. Fita da fito, saya da sayo da sayar, kai da kawo: duk wanda ya sha Hausa a nono ya san bambancinsu ba tare da an koya masa ba. Dukiya ce yaro ya shigo aji da ita a aljihu, mu kuwa muna caje shi a bakin ƙofa muna ƙwacewa.

Kada in manta da waɗanda muka ƙera daga sassan jiki. Kan daga kai, cikin daga ciki, bayan daga baya, gaban daga gaba, bakin daga baki, gindin daga gindi. "Bayan" ita kaɗai tana ɗauke da behind ta wuri, da after ta lokaci, da besides ta ƙari: bayan gida, bayan sallah, bayan wannan kuma. "Tsakanin" ta haɗa between da among. "Tun" ta yi daidai da since, amma tsawon lokaci ba ma sa masa komai, sai mu ce na yi shekara uku a nan. Da yaro ya zo faɗar wannan da Turanci sai ya laluba ya cafko since three years, don ba wanda ya gaya masa cewa since mafarin lokaci take nema, for kuwa tsawonsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan hanya da nake kira a bi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ku shiga kowane zaure a Dogon Daji inda ake karatun Ajuruma, ɗan littafin nahawun nan da Ibn Ajurrum na birnin Fas, wanda ya rasu a 1323, ya wallafa. Tun a farkonsa almajiri ke haɗuwa da haruffan jarri. Yaya malam ke yi? Yakan ja kalmar Larabci, ya ajiye mata ta Hausa a gefe: fi cikin, ila zuwa, min daga, ala bisa. In karatu ya yi nisa ya kai ga Alfiyya ta Ibn Malik, sai ya nuna masa cewa min ɗin nan wani lokaci mafari take nunawa, wani lokaci sashen abu, kuma bi takan zo don abin aiki, ko don dalili, ko don rantsuwa. Ba a taɓa cin almajiri tara don ya yi Hausa a zaure ba. Da wannan hanya ta fassara zuwa harshen gida, Fulatanci ko Hausa, ƙasar nan ta fitar da irin su Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 yana Gwandu, nan kusa da Tambuwal. Bai tsaya ga iya Larabci kawai ba, har ya wallafa wa Larabcin littattafan ƙa'ida a waƙe, Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Wai shin Turanci ya fi Larabci wuya ne, ko kuwa ya fi shi tsarki, da har za a ce shi ba a kusantarsa da Hausa?

Na san abin da masu ja da ni za su ce. Za su ce yaro ba zai iya Turanci ba sai ya nutse a cikinsa, ya ji shi safe da yamma har ya riƙa tunani da shi. Madalla. To ina kogin da zai nutse? Ɗan Dogon Daji da Hausa yake tashi, da ita yake sayen ƙosai, da ita yake jin wa'azi da labaran rediyo, da ita yake faɗa a filin ƙwallo. Ɗan Fulanin da ke zaune kusa da shi a benci ma da Hausa suke hira. Turancin da yake ji bai wuce na 'yan sa'o'in makaranta ba, shi ma sau da yawa daga bakin malamin da ke fama da irin wannan ciwo. Ba a koya wa mutum iyo a cikin kwatarniya. Hana shi Hausa a aji ba ya hana shi fassara a zuci, sai dai ya sa ya yi ta a ɓoye inda ba mai gyara masa.

Za su kuma ce ba kowane kuskure ne ya fito daga Hausa ba. Gaskiya ne. Wani daga rikicin Turancin kansa yake. Me ya sa ake cewa in a car amma on a bus, by road amma on foot? Su kansu masu harshen ba su daidaita ba. Mutumin Ingila ya ce at the weekend, na Amurka ya ce on the weekend. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya nuna a littafinsa Nigerian English Usage na 1991 cewa akwai salon amfani da Turanci da ya game Nijeriya baki ɗaya, ba na wata ƙabila guda ba. Irin waɗannan sai yawan karatu da sabo. Amma wannan ai hujja ce a gare ni. In malam ya ware kurakuran da Hausa ke iya warwarewa ya gama da su cikin 'yan makonni, sai haddar ta ragu ta koma daidai abin da kan yaro zai ɗauka. Kuma ya kamata 'yan bokon da ke ƙyaƙyata dariya in ɗan ƙauye ya saɓa on da at su rage, tun da Turawan ma ba su gama sasantawa ba.

Maganar nan ta wuce ɗakin aji, ta kai ga masu mulki. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare. Kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci shekara shida cur, Turanci kuwa aka ba shi matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin ma. A ƙarshen 2022, zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a yi firamare duka da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 kuma minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci za a yi tun daga ajin rainon yara har jami'a, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. To, mai karatu, mu yi lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 ba zai zauna WAEC ba sai wajen 2035. Yaya aka yi tsarin da bai yi shekara huɗu ba ya kayar da waɗanda suka gama firamare tun kafin a haife shi? Kuma a wace firamare ce ta Tambuwal ko Kebbe aka kawo littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da malaman da aka horar, har a ce an gwada an ga bai yi ba? Yaran da ke faɗuwa yau 'ya'yan bulala da tara da hadda ne. Sun faɗi, an kuma ce a ƙara musu abin da ya kayar da su.

Mu marubuta ma kada mu yi saurin wanke hannu, don ciwon ya juyo ta ɗaya gefen yana cin Hausar kanta. Ku buɗe jaridunmu, ku saurari masu fassarar labarai, ku duba littattafan hikaya da ake fitarwa. Wane "yana kan hutu", wance "tana kan magani", sun yi magana "a kan waya", maganar tana "ƙarƙashin bincike". Wace Hausa ce wannan? Kakanninmu cewa suke yi yana hutu, tana shan magani, ana binciken maganar, kuma ta waya ake magana, ba wanda ke hawa kanta. On da under ne aka sa wa babbar riga da hula aka shigo da su. Sannan ga marubucin da ke son nuna jaruminsa ɗan boko ne, sai ya sa masa Turanci a baki, Turancin kuma a karye. Ya ɓata Hausa, bai gyara Turanci ba, yara kuma suna karantawa suna kwafa. Wanda bai san inda "a" da "da" da "ga" suke zama a harshensa ba, ba zai san inda in da at suke zama a harshen wani ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Malamin Turanci ya daina jin kunyar rubuta Hausa a allo. Ya tsaga allon biyu, ya sa jimlar yaro ta Hausa a dama, ta Turanci a hagu, su nemo tare inda hanya ta rabu. Shugabannin makarantu su soke tarar banakula. Sashen Hausa da sashen Turanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Danfodiyo su daina zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba, su haɗu su horar da malamin da ya san nahawun harsunan biyu. Mu kuma masu alƙalami mu rubuta ɗan littafin da ya kamata a ce an rubuta tun tuni: kurakuran Bahaushe a Turanci, da bayani cikin Hausa, da misalai daga kasuwa da gona da tasha, mai arha yadda uban yaro zai iya saya ranar kasuwa. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Ga ƙamus na Bargery tun 1934, ga nahawun Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, ga ƙamus na Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, ga babban nahawun Paul Newman na 2000. Abin da ya rage shi ne mai zama ya tace su ya sauko da su daidai kan ɗan aji ɗaya na sakandare.

Malamin Nikosiya bai jira wani ya zo daga Landan ya gaya masa inda ɗakinsa ke yoyo ba. Mu ma mai ɗaki ne, mun san namu. In akwai malamin Turanci ko marubucin da ke ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami ya kawo tasa hujjar a fitowa ta gaba. Amma kafin nan, a sauke bulalar daga bayan yaron nan. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon gyarawa.